Layi Ukun da Inna Ta Rufe

Bana ruwa ya makara a Kurfai. Bazara ta yi tsawo har tsuntsaye suna sauka bakin randa ba tsoron mutum, gawo kuma ya ƙi zubar da ganye, alamar damina ba ta kusa. Shekaranjiya ina zaune a inuwar zaure sai ga wani ma'aikaci bisa babur, ya ce daga wani porje yake, wato shirin taimakon manoma, a Filinge, an aiko shi ya koya wa manoman garinmu haƙa tasa, ƙananan ramukan nan da ake shuka hatsi a ciki. Ya buɗe takarda ya nuna mini zane. Faɗin ramin kaza, zurfinsa kaza, ƙasar da aka fitar a tara ta wajen gangare. Na ce to. Ya ce a zuba taki cikin tafi biyu. Na ce madalla. Mutumin yana da ladabi, bai kuma yi kuskure ko ɗaya ba, shi ya sa na bar shi ya kai aya. Amma yana magana ina leƙen fakon da ke bayan gari ta saman kafaɗarsa, hankalina ya riga ya koma shekara talatin da ɗoriya, shekarar da na komo daga Burkina.

Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, na iya faransanci daidai na cika takarda ba a cuce ni ba. Da aka zo neman samarin da za su yi aikin sa kai a wani porjen noma can ƙasar Mosi a Burkina, ba albashi, sai ci da wurin kwana, na ba da sunana. Mahaifina, Baba Gado, ya yarda ne saboda ya ji an ce noman zamani. Tun ban kai Yamai ba ya gama gaya wa mutanen ƙofar masallaci cewa ɗansa zai komo da tarakta.

Ni ma, don Allah, da irin wannan tunanin na tafi. Na ɗauka ni zan koyar. Sai na tarar da tsofaffin Mosawa suna fasa ƙasar da ta fi tamu tauri, tsakiyar rani, suna zuba kashin dabbobi a rami suna jiran ruwa. Wani tsoho a cikinsu ya kama tafin hannuna ya duba, ya yi dariya har da tari, ya miƙa mini diga. Shekara biyu ina bin bayansa. Na ga fili tsirara wanda ko akuya ba ta tsayawa a kansa ya fitar da hatsi ya fi ni tsawo, da idona na gani, ba labari ba.

Na komo bayan kaka. Babbar mota ta kwaso mu daga Yamai, muka ratsa Baleyara da Bonkuku, kowace gona muka wuce karan hatsinta siriri ne, gajere. Tun daga nan na san daminar ba ta yi kyau ba. A Filinge na sauka na hau amalanke zuwa gida. Aka taru ana yi mini barka da zuwa, ana kallon bayana ko akwai wata mota tafe. Kayana duka buhu guda ne: tufafina, turmin atamfa na mahaifiyata Inna, da diga.

Baba ya jira mutane suka ragu, sannan ya ce, "To, Hamidu, mi kak kawo muna?"

Na ce, "Rami, Baba."

Na yi ta bayani, yana jan carbi bai ɗago ba. Taubashina Sumaila, ɗan ƙanwar Baba, wanda tun muna yara bakinsa bai taɓa hutawa a kaina ba, yana gefe yana sauraro. Ya ce, "Shekara biyu ƙasar Mosi ka komo da rami! Da ka hwaɗa mani, ai da na kai ka wurin gahiya, kwana guda ta koya maka, kyauta." Aka fashe da dariya, Baba kaɗai bai yi ba. Na ga kunya a fuskarsa, abin ya yi mini zafi fiye da dariyar.

Gonarmu ta gandu tana kan tudun rairayi, ta gaji, ta tsufa. Na roƙi Baba ya ba ni fakon bayan gari, wani fili ja mai santsi da ruwa ke gudu a kansa ya wuce kamar an zuba bisa faranti. Ya ce, "Tun kakana ba a taɓa cin zangarniya guda ta wurin ga ba. Tahi ka yi wasanka."

Haka na fara. Da an sallame asuba sai in saɓa diga. Ƙasar tana ƙara in an sare ta, wani lokaci har wuta take tartsatsi, hannu ya yi ƙuraje ya fashe ya sake yi. In hantsi ya ɗaga, ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa, sai in koma gindin wata aduwa in jira la'asar. Rami bayan rami, layi bayan layi, kowanne da ɗan tudunsa ta wajen gangare don ya tare ruwa. Masu zuwa rijiya suna tsayawa su yi kallo. Ba a yi wata guda ba sunana ya ɓace a gari, na zama Mai Ramu. Sumaila kan biyo da jakinsa ya ce, "Sannu, mai dahwa dutsi! In romon ya nuna a aiko mani."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani Bafulatani mai suna Bello da ya sauko da shanunsa daga wajen Sanam ya yi zango kusa da fakon. A makwancin shanunsa nake kwasar taki. Ya tsaya ya dubi ramukan ya daɗe, ya ce, "Ai gaskiya ta. Inda saniya tat taka ta bar gurbi, nan ciyawa ka hwara hita." Maganar nan ta riƙe ni kwana da kwanaki.

Da na zuba takin, gara ta zo, kamar yadda Mosawa suka koya mini, tana ci tana huda ƙasa tana yi wa ruwa hanya. Nan fa gari ya tabbatar na taɓu. Mutum yana korar gara daga rumbunsa, ni kuma ina dafa mata abinci.

Ana cikin haka yunwa ta shigo. Ba ta sallama, a hankali take zama. Da fari tuwon dare ne ya ragu, daga baya ya koma na kwana bibbiyu. Fura ta tsinke har kana ganin gindin ƙwarya. Ƙannena mata suka shiga daji tsinkar anza, a jiƙa ta a zubar da ruwa, a sake jiƙawa a sake zubarwa, kwana da kwanaki, kafin ɗacinta ya ragu ta ciwu. Har yau in na ji warin anzar da aka jiƙa, cikina yakan tuna. In na ɗaga diga sai in ga duhu-duhu, in dafa ƙota in jira ya wuce. Inna tana shiga rumbu da dukan jikinta kafin ta samo dami.

Inna, Allah ya jiƙanta, ni ne ɗanta na fari, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in da mutane. In tana son in ci abinci sai ta ce wa bango, "Ga hura nan, in da mai sha." Da gari ya sa mini Mai Ramu, ita ce ta fi kowa jin daɗi, don ta samu abin kira. Ban taɓa jin ta ce aikina yana da kyau ko ba shi da kyau ba. Abin da na sani, kullum na komo daga fako nakan tarar da ƙwaryata ta fi ta kowa kauri kaɗan.

Ruwan fari ya sauka da ƙarfi wata ranar la'asar. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara suna ihu. Washegari gari ya watse zuwa gonaki, maza a gaba da sungumi suna sara, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Na je na duba fako, kowane rami cike da ruwa yana ƙyalli. Na ruga wurin Baba na roƙi iri ko tiya guda. Ya ce, "Iri ba abin wasa ba na." Aka zuba shi duka a tudu. Ya tsiro kore shar, ya yi kwana goma, sai sama ta bushe, iska mai zafi ta taso da rairayi ta yanke shi ta binne.

Baba ya kai akuyarmu ta ƙarshe Baleyara ya sayo iri. Ruwa na biyu ya zo, na sake roƙo, ya sake hanawa, tudu ya sake cinyewa. Bayan wannan babu akuya, babu iri a rumbu, damina kuma tana tafiya. Maƙwabta sun fara ɗaure kaya suna nufar Yamai. Baba ya ce in wannan shekara ta faɗi mu ma za mu bi su, a rufe gidan da kakansa ya kafa.

Sauran iri guda ya rage a gidan, kuma ba na Baba ba ne. Inna tana da wata tukunya a ƙarƙashin gadonta, an liƙe bakinta da laka, a ciki akwai hatsi kamar tiya biyu gauraye da toka. Irin uwarta ne da ta zo da shi ranar da aka kawo ta, mai saurin nuna, tana shuka shi a gamanarta, ƴar gonarta ta kanta, kowace shekara tana mayar da sabo. Duk yunwar nan ba ta taɓa shi ba. Da ruwa na uku ya sauka, da safe Baba ya tsaya ƙofar ɗakinta ya ce ta fito da shi a kai tudu.

Tana daga ciki ta ce, "Malam, tudu ya ci sau biyu, bai ce an gode ba."

"To ina za a kai shi?"

Ta fito da tukunyar a ka, ba ta dubi inda nake ba. Ta ce, "A hwaɗa ma Mai Ramu shi wuce gaba."

Baba ya shiga zaure ya zauna, ya juya mana baya. Ni kuwa tun ruwan fari nake neman a ba ni iri, da aka ba ni sai tsoro ya kama ni, don abin da ke cikin tukunyar nan shi ne zamanmu a garin ko tashinmu.

Muka tafi fako, ni da Inna da ƙannena, da Sumaila wanda ya ce ya zo ne ya ga ƙarshen hauka. Wasu mata masu zuwa gona suka tsaya kallo. Inna ta ɗaura ƙwaryar iri a kugu ta kama layin farko. Ina can ina nuna wa ƙannena nasu layin, ban lura ba sai da ta yi nisa. Da na waiwaya gabana ya faɗi. Inna tana shuka ne yadda ta saba tun tana yarinya: ta jefa iri, ta sa diddige ta turo ƙasa, ta take. Duk tudun da na tara a bakin kowane rami tana mayar da shi ciki, tana daidaita wurin sumul, don a wurinta mai shuka ya bar rami buɗe raggo ne. Ramin da ba rami ba kuwa ba zai tare ruwa ba. Ta gama layi biyu, tana cikin na uku.

Yaya zan yi? Ɗan fari ya tsaya gaban mata ya ce wa uwarsa ba ta iya shuka ba? Da in yi haka gara irin ya ƙone. Sai idona ya faɗa kan Sumaila, yana tsaye da hannu a ƙugu, ko ƙwaya guda bai taɓa ba. Na ɗaga murya yadda duk fakon zai ji.

"Kai Sumaila, kan jaki! Sau nawa za ni hwaɗa maka? Kada ka ruhe ramin! Ƙasa kaɗan bisa irin, da hannu, ka bar tudun inda yake!"

Ya buɗe baki zai rama, sai ya dubi inda nake satar kallo. Allah ya saka wa Sumaila, bakinsa ne ba ya da linzami, amma kansa yana ja. Ya durƙusa gaban wani rami ya ce, "To Mushe malamin lakwal, a yi haƙuri, kai na da tauri. Haka? Ƙasa kaɗan? In bar shi buɗe kamar bakinka?" Matan suka yi dariya. Inna ba ta juyo ba. Ta ƙarasa layinta na uku yadda ta fara, don kada a ce da ita ake. Da ta shiga na huɗu sai ta sunkuya, ta jefa iri, ta barbaɗa ƙasa da yatsu, ta bar ramin buɗe. Haka ta yi har muka gama da azahar. Layi ukun nan kuwa ban taɓa su ba, don tone su daidai yake da faɗin abin da na ƙi faɗi.

Daga ranar sama ta rufe. Kwana ashirin ba ruwa, sai wani ɗan yayyafi guda da bai jiƙa ko rigar mutum ba. A tudu rairayi ya shanye shi nan take. A fako kuwa, da yake ƙasar ba ta sha, ɗan abin da ya sauka ya gangara ya taru a ramuka. Rana ta koma kamar ta bazara. Da tsakar rana ganyen hatsin yakan naɗe, in tsaya ina kallonsa ina addu'a, da yamma ya warware. Gonakin waɗanda suka sami yin shuka ta uku suka yi fari fat. A gida Baba ba ya yi mini magana, ba ya yi wa Inna, an ma fara maganar wanda za a bar wa ajiyar ƙofofi in mun tashi.

Ran nan da hantsi ina cire ciyawa a ramuka, Inna tana can gefe tana tsinkar tafasa, sai na hango Baba tafe da sandarsa. Tun da na fara haƙa bai taɓa taka wurin ba. Bello ne ya gamu da shi a rijiya ya ce masa ya je ya gani da idonsa. Ya zo ya tsaya daidai inda layi na uku ya yi iyaka da na huɗu. A hagunsa layi uku, rabi bai tsiro ba, wanda ya tsiro ya bushe ya zama kamar tsintsiya. A damansa hatsi kore har gwiwa, layi bayan layi har gindin aduwa. Iri ɗaya, rana ɗaya, ƙasa ɗaya. Ya tsuguna da ƙyar ya tura yatsa a layin da ya mutu, ya fito da ƙura. Ya matsa ya tura a rami, ya fito da danshi, ya murza, ya kai hanci.

Ya ce, "Wa yash shuka waɗanga ukun?"

Na ce, "Ni na, Baba. Hannuna bai zamna ba tukuna."

Sai na ji murya a bayana. "Ƙarya shikai, Malam. Ni ta." Inna ta matso da ƙwaryar tafasarta. "Ni nir ruhe su da ƙahwata. Hamidu ya san aikinai. Hamidu ya hwaɗi, ni ta ban ji da wuri ba."

Sau biyu ta faɗa. Ina da shekara ashirin da bakwai, ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Ita kanta da ta ji abin da ya fito sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya ta nufi gida da sauri. Ni kuwa na sunkuya kamar ina neman ciyawa, hawaye suna zuba cikin ramin. Na yi alfahari a ranar irin wanda ban sake yi ba, ba na kuma jin kunyar faɗi.

Baba ya karyo wani reshen sabara, ya tsayar da shi cikin ramin, ya sa farce daidai bakin ƙasa, ya fito da ƴar wuƙarsa ya yi tsaga a wurin. Ya gitta shi ya sake yin tsaga. Ya ce, "Digar nan taka, maƙerin Hilinge shina iya ƙera irinta?"

Ruwa ya dawo bayan kwana uku. Ba mu cika rumbu ba a shekarar, kada in yi ƙarya, amma mun sami abin da ya kai mu wata damina, ba mu rufe gida ba. Ranar girbi Baba da kansa ya zaɓi manyan zangarnu, ya sa aka sussuka, ya cika tukunyar Inna ya kai mata har ƙofar ɗaki. Da rani ya zagayo mu biyar ne a fako, har da Sumaila, wanda yau in ka tambaye shi zai rantse maka shi ya ba ni shawarar tun farko. Yanzu fakon nan ba a ganin jansa in damina ta zauna, kuma hatsin da ke cikin rabin rumbunan garin nan jikokin tukunyar Inna ne.

Da ma'aikacin porje ya gama bayaninsa, na shiga ɗaki na ɗauko reshen sabarar nan, ya yi baƙi don tsufa. Na ce ya auna tsagar da abin awonsa. Ya auna zurfi, ya auna faɗi, ya dubi takardarsa, ya dube ni. Ya ce, "Baba, wa ya ba ku wannan?" Na ce wani tsoho ne da ya so a kawo masa tarakta. Ya tambayi sunana zai rubuta, na ce ya sa Mai Ramu, kowa ya san gidan.

Sunan yankan nawa ina ɗan rowarsa. Inna ta yi shekara goma sha tara bayan wannan damina, ba ta sake kama shi ba har ta koma ga Allah. Sau biyun nan ne, a tsakanin layi na uku da na huɗu, kuma sun ishe ni.